An Rufe Filin, Karnukan Na Ta Gudu

Ba zan faɗi sunana ba, domin sunan ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma na riga na ja shi a ƙasa iya ja. Ni 'yar wani ƙauye ce a kudancin Kaduna. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, ina cikin mawaƙan majami'armu, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ku matasa 'yan'uwana, musamman masu ɗokin fita waje, da ku nake. Ina rubutun nan raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba. Saura ƙiris in rushe karatun shekara huɗu na yayana, mutumin da ya ɗauko ni daga gida don ya gyara mini rayuwa.

Yaya Bulus ne ya kai ni Kuala Lumpur. Yana karatun digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak, suna zaune shi da matarsa Anti Saratu a wani ɗan gida a hawa na tara a Sri Petaling. Ya sa ni a wata ƙaramar kwaleji ina koyon kwamfuta kwana uku a mako. Washegarin saukata ya saya mini layin waya da fasfonsa, saboda nawa na hannun kwalejin ana buga biza. Ya ce in riƙe kafin nawa ya fito. Nawa ya fito ban canja ba, lalaci kawai.

Ba yunwa ce ta kai ni ba, kada wani ya ji tausayina ta nan. Ina ci ina ƙoshi. Abin da ke damuna shi ne 'yan ajinmu su ce a je mamak, wato shagunan shayi da abinci na can, a sha shayi, ni sai na tambayi Anti. Ina jin kunyar miƙa hannu a gidan da ake tattalin kowace ƙwayar shinkafa.

Bayan sujada ranar Lahadi mutanenmu kan taru a wani shagon mamak kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan na san Oga Danladi. Ɗan jiharmu ne, yana sayar da wayoyi, kullum tsaf da shi, shi ke biya wa tebur. Ni kuwa Allah ya ba ni baki. Ina iya duban mutum in laƙa masa suna, kowa ya faɗi da dariya. Rannan na laƙa wa wani mai surutu Rediyon-makwabta, Oga Danladi ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce, "Ƙanwata, bakin nan naki kuɗi ne, kina ta zubar da shi kyauta." Ya ce yana da ɗan aiki na awa uku da yamma, amsa saƙonni kawai. Na ce wa Yaya ƙarin darasi muke yi.

Wani ɗaki ne a saman shagon gyaran taya, da kwamfuta biyu da babban allon talabijin. A allon ake nuna tseren karnuka kai tsaye daga wani fili a wani gari a Ingila. Tsakar ranarsu ita ce yammarmu. Oga Danladi na tura hoton cikin wani guruf na waya, mutanenmu, ɗalibai da ma'aikata, kowa ya zaɓi karensa ya zuba kuɗi. Na san caca ce tun daga ranar farko, na kuma san doka ta hana. Na ce wa kaina ai ba ni ke zubawa ba, rubutu kawai nake. Da ya ce a buɗe sabon guruf da layina, wai nasa na kasuwa ne, ban ma yi tunani ba na miƙa.

Karnuka shida ke gudu a kowane tsere, dogaye sirara, kowanne da 'yar rigarsa mai lamba. Ana kulle su a akwatuna, wani zomon ƙarya ya taho a guje a kan ƙarfe ta gefen fili, akwatunan su buɗe, cikin rabin minti an gama. Sunayensu na Turanci ba mai iya riƙewa. Aikina shi ne in sa musu sunayen Hausa, in rubuta wa kowanne ɗan kirari.

A ƙauyenmu ba a sa wa kare suna don kyau. Habaici ake yi da shi. Idan maƙwabci ya dame ka da gulma, ba sai ka je ƙofarsa ba, ka sa wa karenka Ƙyale-su, kullum da safe ka tsaya a tsakar gida ka ƙwala masa kira, saƙo ya isa. Irin waɗannan na dinga sawa: Ƙyale-su, Sun-gaji, Ina-ruwanku, Gobe-ma-rana. Mutane suka haukace a kai. Wanda ya yi shekara biyar bai ga gida ba, in ya buɗe waya ya ga an rubuta “Sun-gaji, baƙi mai farar wutsiya, ba ya waiwaye”, sai ya ji kamar yana ƙofar gidansu. Da wannan na ja su. Kewar gida na kama na ɗaure musu a wuya.

Har abokin Yaya, Malam Nasiru, wanda suke ɗakin bincike ɗaya, yana ciki. Mutumin da ko kare ya gifta ta gabansa sai ya tattare rigarsa. Wani a guruf ya tsokane shi, ya ce Malam da karnuka kuma? Ya amsa cewa ai ba taɓa su yake ba, kallo ne daga nesa. Aka yi ta dariya. Bai san ƙanwar abokinsa ce ke karantawa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne na so filin nan. Ban taɓa taka shi ba, amma na san shi kamar kasuwar garinmu. Na san fitilar da ba ta kamawa a kwana ta uku. Na san wani tsoho mai hular ulu da ke tsayawa wuri ɗaya jikin shinge da kofin shayinsa, ko ana ruwa. Na san matar nan mai farin kwat da ke sumbatar kan karenta kafin ta tura shi akwati. Tsakanin tsere da tsere a kan nuna na babura da aka ɗauka a filin, a wata da'irar jar ƙasa da ke ciki. Babura huɗu, ba su da birki ko ɗaya, in sun zo kwana sai mahayin ya sauke ƙafar hagu ya kwantar da babur, ƙasa ta watsu har kan 'yan kallo, su kuma su yi ta murna da fuska duk datti. Oga Danladi ba ya caca a kan wannan. Ni kaɗai nake kallo, da ledar abincin da na yi tapau, wato na sayo a ƙunshe, a kan cinya, ina ganin kamar ni ma 'yar wurin ce.

Na yi kamar wata biyar a haka, sai aka fara sanarwa cewa za a rufe filin, an sayar da shi za a gina gidaje. Ranar ƙarshe na kalla tun daga fari. Wurin da kullum rabinsa wayam ne ya cika maƙil. Tsofaffin mahaya suka zagaya a kan baburansu a hankali suna ɗaga hannu. Bayan tseren ƙarshe aka bar mutane suka shiga fili, wasu na ɗibar ƙasa a kwalba, wani na nuna wa jikansa inda ya saba tsayawa da mahaifinsa. Tsohon nan mai hular ulu bai shiga ba, ya riƙe shinge da hannu biyu har aka ɗauke hoton. Na yi kuka, wallahi, ni da ban haɗa komai da su ba.

Na share hawaye na ce wa Oga Danladi to shi ke nan, aiki ya ƙare. Ya dube ni kamar ya ga wawiya, ya nuna mini wani ɗan akwatin ajiya da ke jone da kwamfuta. Ashe tun tuni yana ɗaukar kowane tsere yana adanawa.

"Wa ya gaya wa 'yan Sri Petaling an rufe?" in ji shi. "Ke za ki gaya musu?"

Ga yadda aka koma yi, ku karanta da kyau. A ɗauko tsohon tsere, a rufe rubutun ƙasan allo da tallarmu, a cire muryar mai sharhi a sa kiɗa. Ni in fitar da sunaye shida. Mutane su zuba kuɗi. Oga Danladi ya duba lambar da aka fi ƙauracewa, ya zaɓi tsohon tseren da lambar nan ta ci, ya saki a matsayin kai tsaye. Wani lokaci ya bar mutum biyu su ci don su yi ta shela. A da ko ba komai karen na iya ci. Yanzu kuwa mutum na can yana addu'a a kan tseren da aka gama tun bara. Sunayena ne murfin tukunyar, domin da sunan Turancin ya fito, kowa zai iya bincikawa ya ga an daɗe da yin tseren. Masu filin sun binne abinsu da mutunci, mu muka tono gawar muna sayarwa.

Na ce ba zan iya ba. Ya ce boleh, wato ba laifi a yaren ƙasar, ba dole, amma ya ninka mini abin da yake ba ni. Washegari ƙarfe shida ina kan kujerata. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Matsalar ita ce karnukan ɗaya ne ake ta maimaitawa, don haka kullum sai sababbin sunaye, kada wani ya lura. Shida sau takwas a yini. Kaina ya ƙafe. Wata yamma na rasa abin rubutawa, lokaci na tafiya, sai na tuna karnukan farautar marigayi Babanmu guda uku. Ya sa musu suna ne lokacin da ake rigimar iyakar gona da ƙaninsa: Ban-ci-naku-ba, Ku-faɗa-da-rana, da Gonar-tawa-ce. Na jera su ɗaya, biyu, uku, yadda yake kiransu in zai fita daji. Ko ɗar ban ji ba.

Lahadin da ta biyo baya Malam Nasiru ya zo gidanmu da rana. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ina kicin ina jin su. Ya gaya wa Yaya cewa abin da aka turo masa na zangon karatu duk ya tafi, matarsa ba ta sani ba, ya kasa barci ya kasa rubutu. Ya miƙa wayarsa don Yaya ya ga irin abin da ya ja shi. Na ji Yaya na karanta sunayen da ƙarfi yana ɗan tsaki, sai ya karanta na farkon nan, ya karanta na biyu a hankali, na ukun bai fito ba. Man da ke kan wuta ya fara hayaƙi ina tsaye na kasa sauke shi.

Ya tashi ya raka baƙonsa. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin ya ce mutum uku ne a duniya suka san jerin nan, Mama ba ta iya waya ba, shi kuma bai rubuta ba.

"Ban-ci-naku-ba," ya ce. "Baba ya mutu bai ci na kowa ba. Shi kika sa wa karen da kike cin mutane da shi?"

Na durƙusa na yi kuka, na faɗa masa caca ce, amma na ɓoye maganar rufe filin, na ɓoye cewa layinsa ne. Ya ce in bari daga ranar, kuma in shirya mu je in nemi gafarar Malam Nasiru. Na roƙi mako guda.

Na je wa Oga Danladi na ce na bari. Yana cin gyaɗa, bai ko ɗago ba. Ya tambaye ni da sunan wa aka yi rajistar layin da ke riƙe da guruf. Ya ce, "Ƙanwata, in rufin nan ya faɗo, ba kaina zai fara samu ba, ba ma naki ba. Dokta Bulus ne a ƙasa." Ashe ya sani tun ranar da ya karɓi layin. Ya zaɓe ni ne saboda yayana mutumin kirki ne mai takardu tsaf, wanda ba za a yi zargi ba. Oga Danladin nan kuwa shi ke ɗaukar farantin baiko a majami'a. Har yau in na tuna yadda yake tauna gyaɗar nan sai in ji zuciyata na tafasa. Na tsorata, na ci gaba da aiki, na ce wa Yaya na bari.

Malam Nasiru bai haƙura ba. Ya tsayar da hoton wani tsere ya ga rabin rubutu a jikin rumfar 'yan kallo da tallarmu ba ta rufe ba, ya bi diddigi har ya gano filin, ya ga hotunan motocin rusau a cikinsa. Ya gwammace asirinsa ya tonu da a ci gaba. Shi da wasu suka kai ƙara. Bai san layin wa za a bi ba.

Saura kwana goma Yaya ya kare binciken digirinsa aka kama shi a ƙofar jami'a, gaban ɗalibai, da jakar kwamfutarsa a kafaɗa. Ina cikin jirgin ƙasa Anti Saratu ta kira ni tana kuka. Na kira Oga Danladi, a kashe. Na je ɗakin saman shagon taya, an kwashe komai, sai wayoyin lantarki a ƙasa. Har yau ban san ƙasar da yake ba.

Ban koma gida ba. Wannan ne wurin da nake ƙin rubutawa. Na kashe wayar, na ɓuya a ɗakin wata 'yar ajinmu a Titiwangsa, na ce mata mun yi faɗa da Anti. Da rana in je bakin tafki in zauna, iyaye na tura 'ya'yansu a keke, ni duk wanda ya doso ni da baƙin wando irin na 'yan sanda sai in tashi in canja wuri. Ina ta gaya wa kaina ai za su ga ba shi ba ne su sake shi, ai mai ilimi ne zai yi musu bayani. Kwana ɗaya, kwana biyu. A rana ta uku na kunna wayar na tarar da saƙo ɗaya daga Anti Saratu. Na zaci zagi ne, da ma zagin ne. Ta rubuta: “Na gan shi. Sun tambaye shi wa ke riƙe da layin, ya ce layinsa ne, bai ƙara komai ba. Ba zai faɗi sunanki ba ko za su ɗaure shi. Ni ma ya hana ni. Na dai ce ki sani.”

Na karanta. Sannan na tashi na hau jirgi zuwa ofishin 'yan sandan da yake. Na hau matakalar ƙofar na shiga. Na ajiye wayar a kan kanta na ce ni ce, ga komai a ciki. Na faɗi yadda ake yi daga fari har ƙarshe. Sai da suka ƙara kwana biyu suna dubawa kafin su sallame shi.

A kotu na amsa laifina. Na yi wata takwas a gidan yarin mata, sannan wasu makonni a wurin tsare baƙi kafin a sa ni a jirgi. Ba zan ba ku labarin ciki ba, ban kai ga iya ba. Har yanzu in aka buga ƙofar ƙarfe da ƙarfi sai in sami kaina a tsaye hannuna a baya. An ɗage wa Yaya kare bincikensa zango guda, ya yi ta zirga-zirga da takardu yana wanke kansa a gaban mutanen da da suke girmama shi. Ya gama, da ikon Allah, ba da taimakona ba. Malam Nasiru bai gama ba, ya koma gida. Na rubuta masa takardar neman gafara, bai amsa ba, kuma yana da gaskiya.

Sau ɗaya Yaya ya zo ganina. Na shirya jin faɗa a kan caca da ƙarya da sunan Baba. Bai taɓo ko ɗaya ba. Ya tambaya ko ina cin abinci, ya ce ya gaya wa Mama matsalar takardu ce. Da lokaci ya kusa cika ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Kwana ukun nan, kin san ina ciki?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai ya tashi.

Wata biyu ke nan da dawowata. A makon farko na zaunar da Mama na gaya mata ba takardu ba ne, na faɗa mata duka, har kwana ukun. Na tuba ga Allah, kuma ba zan bari ɗan'uwana ya ci gaba da ɗaukar mini ƙarya ba.

Ku matasa, ga abin da nake da shi. Duk wanda ya yaba wata baiwarku ya ce akwai aikin awa uku mai sauƙi, ku tambaye shi a gaban manyanku, in ya ce sirri ne ku gudu. Kada ku ce ai ni rubutu kawai nake, ai ni saƙo kawai nake kaiwa. Mai rubutun ake samu a ɗaki ranar da mai gidan ya tsere. Kada ku taɓa kuɗin caca, musamman wadda ɗan garinku ya kawo muku da harshenku, don ya san inda kuke da taushi. Duk abin da aka ba ku da sunan wani, ku sani wuyansa kuke riƙe da shi. In kuma kun riga kun faɗa, wani yana zaune a wurin da ku ya kamata ku zauna, ku tashi yau, kada ku kwana.

Ni na kwana uku. Yaya ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa, yana kiran waya duk Lahadi. Amma tun ina goye Auta yake ce mini. Yanzu cikakken sunana yake kira, yadda aka karanta shi a kotu.